Yadda Uwargida Kirista Za Ta Haɗa Aikin Gida da Ibada

Matar da ke riƙe da gida mai yara huɗu ko biyar, ga maigida, ga uwar miji, ga 'yar sana'a a ƙofar gida, ba kasafai take samun awa guda ta zauna da Littafi Mai Tsarki ba. A Zuru ne, ko Ribah, ko Yauri, ko Gusau, tun da duhu-duhu take tashi, kuma ita ce ta ƙarshen kwanciya. Ta je Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, a yi koyarwa kan keɓe lokaci da Allah, ta dawo gida zuciyarta na tuhumarta. Mafita ita ce kada ki jira ranar da aiki zai ƙare, don ba zai ƙare ba. Ki ɗaura addu'a da Maganar Allah a jikin ayyukan da ba sa tsallake rana, yadda duk sanda hannunki ya kama aikin, bakinki ma zai kama addu'ar.

Wannan yana da tushe. Kolosiyawa 3:23, inda Bulus ya ce duk abin da za a yi a yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, bayin cikin gida ya fara faɗa wa, mutanen da ba wanda ke yi musu sannu da aiki. Yesu da kansa ya kwatanta Mulkin Sama da yistin da mace ta cuɗa a mudu uku na gari (Matiyu 13:33), ya kuma kwatanta murnar sama kan mai tuba da macen da ta kunna fitila ta share ɗaki tana neman kuɗinta (Luka 15:8-10). Bayan tashinsa daga matattu, almajirai sun same shi a bakin teku da garwashi, da kifi a kai, da gurasa (Yahaya 21:9).

Zaɓen aiki

Ki fara da ayyuka uku kawai. Wadda ta ce daga gobe kowane motsinta zai zama addu'a, kafin sati ya zagayo ta watsar. Aikin da ya dace shi ne wanda ake yi kullum, wanda hannu ya riga ya saba, kuma babu haɗari a cikinsa ko da hankali ya ɗan tafi wani wuri: sharar tsakar gida, wanke-wanke, tsince wake ko shinkafa, gyaran zogale da rama, wanki, jiran layi a bakin famfo. Akwai waɗanda ba su dace ba sam: suya da mai mai zafi, yanka da wuƙa mai kaifi, sauke tukunya, wankan jariri, tsallakar da yara titi. Waɗannan hankalinki gaba ɗaya suke so, kuma kula da su yadda ya kamata shi ne ibadar wannan lokacin. Kada ki rufe ido a gaban murhu idan akwai yaro mai rarrafe a tsakar gida.

Kowane aiki ki ba shi irin addu'arsa guda, kada ki riƙa canzawa. Sharar safe ta zama ta godiya: ki ambaci abubuwa biyar da sunansu, kamar barcin da aka yi lafiya, zazzaɓin yaro da ya sauka, ruwan da aka samu jiya. "Na gode maka don kome da kome" ba ta riƙe hankali, minti ɗaya ya yi yawa tunani ya koma kan kuɗin cefane. Wanke-wanken dare ya zama na binciken zuciya: wa na yi wa tsawa yau ba da hakki ba, wa nake riƙe da shi a rai. Na ukun, roƙo domin mutanen gida, wurinsa gindin murhu.

Idan ba ki da agogo a kusa, unguwa ta riga ta ba ki. Kiran sallar asuba, da azahar, da la'asar, da magariba daga masallacin maƙwabta yana raba yini daidai, kuma ba laifi ba ne ki ce a ranki, da na ji kiran azahar zan tsaya minti biyu in yi wa yaran da ke makaranta addu'a.

A gindin tukunyar tuwo

Tuwon dawa ko na masara yana da gaɓoɓi, kuma kowace gaɓa da abin da za ta iya ɗauka. Idan ruwa ya tafasa kin zuba talge, akwai minti 10 zuwa 15 da sai dai ki ɗan riƙa motsawa kina gyara wuta. Nan ne wurin maimaita ayar sati, ko sauraron sura guda a waya, don akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa na sauraro da za a iya sa miki a memori. Ki ajiye wayar nesa da tururi.

Lokacin tuƙi kuwa ki bar kome ki fuskanci muciya. Gari kaɗan-kaɗan ake zubawa ana tuƙawa, wadda hankalinta ya rabu ta juye shi gaba ɗaya za ta kwashe tuwo mai gudaji, kuma babu wata ruhaniya a cikin ba iyali abinci marar kyau. Haka kaɗa miyar kuka. Bayan kin rufe ya sulala a wuta kaɗan, kin sake samun kamar minti 10.

Kwasa ita ce gaɓar da ta fi kowace. Kin san malmala nawa za ki yi, kin kuma san kwanon kowa. Duk sanda kika sa mara kika ɗebo, ki ambaci mai kwanon a gaban Allah da buƙata ɗaya tak: maigida da hanyar da zai bi zuwa kasuwar ƙauye, Mama da ciwon gwiwarta, babbar yarinya da jarrabawarta, ƙanin miji da ya daina zuwa sujada. Gida mai mutum tara, addu'a tara ke nan, kuma ba ta ƙara miki ko minti biyar a kan aikin ba. Amfaninta na biyu shi ne ba a iya tsallake kowa. Wanda kuka yi faɗa da shi da safe ma yana da kwano, dole sunansa ya bi ta bakinki. Da wuya ki roƙa wa mutum alheri da yamma ki kuma dangwarar masa da kwano.

Ayar sati: guda ɗaya ta isa. Ki rubuta da manyan baƙaƙe a bayan kwali, ki sa a farar leda saboda hayaƙi da maiƙo, ki rataye inda idonki ke yawan sauka amma nesa da wuta. Zabura 23 aya shida ce, sati shida ke nan. Zabura 121 aya takwas. A shekara kin haddace aya 52 ba tare da kin zauna zaman hadda ba. Wadda karatu ke yi wa wuya, yaro ɗan firamare ya karanta mata sau uku da safe kafin ya tafi makaranta, shi ma ya samu rabonsa.

Gwangwanin da ake warewa

Karin Magana 31:20 ta ce mace ta gari tana buɗe hannu ga matalauta. A zamanin tsadar nan, wadda ta jira sai ta samu rara ba za ta taɓa bayarwa ba. Ki samu gwangwanin madara guda da jarka mai murfi. Duk ranar da za ki auna hatsin girki, ki fara cika gwangwanin ki juye a jarkar. A wata kin tara gwangwani 30, wajen mudu uku gwargwadon mudun kasuwarku. Idan gida ya yi ƙunci, rabin gwangwani ma ya yi. Tsaba za ki tara, ba gari ba, don gari saurin yin tsutsa da ɗaci gare shi. Hatsin ya bushe sarai, jarkar ta bushe, murfin ya toshe iska, in ba haka ba ƙwari su riga gwauruwar da kika yi niyya ci. Kada ki haɗa wake da dawa a jarka ɗaya. Kuma ki sanar da maigida tun farko, domin hatsin da ake ragewa a ɓoye, ko da niyyar alheri ne, rigima yake haifarwa.

Ƙarshen wata ki kai da kanki, da yamma, ba tare da shela ba. Wasu rassan Zumunta kan haɗa nasu wuri ɗaya, wannan ma daidai ne, muddin ba a mayar da shi gasar wa ta fi kawowa ba.

Baƙi da maƙwabta

Rashin tsaro ya kori iyalai da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da sassan Zamfara, suka sauka a gidajen 'yan'uwa a gari. Gidan mutum shida ya koma na goma sha biyar. 1 Bitrus 4:9 ta ce a karɓi baƙi ba da gunaguni ba, kuma gunagunin nan yawanci daga rashin tsari yake tasowa, ba daga mugun hali ba. Baƙon kwana uku hidima ake yi masa. Wanda zai yi watanni kuwa, a sati na farko ki zauna da matan cikin ladabi ku raba aiki: wa ke ɗebo ruwa, wa ke wanke-wanke, ranar girkin wa. Mutumin da ya rasa gidansa ya fi samun natsuwa idan yana da abin yi a hannunsa.

Abincin Kirsimeti da na Ista da ake aika wa maƙwabta Musulmi shaida ce, amma sai an yi shi yadda za su iya ci da kwanciyar rai. A ba Musulmi ya yanka dabbar, a dafa a tukunyar da ba ta taɓa naman alade ko burkutu ba, a kuma bari su san haka. In an kawo miki na Sallah, ki mayar da kwanon a wanke.

Inda abin ke lalacewa

Babban kuskure shi ne mayar da Karin Magana 31 bulala. Aya 22 ne daga 10 zuwa 31, kuma waƙar yabo ce da ta tattara aikin rayuwa guda, ba jadawalin yini ɗaya ba. Matar da ake yabo tana da 'yan mata masu yi mata aiki (aya 15), tana sayen gona, tana saƙa tana sayarwa. Mai jego da ke kallon wannan ta ga kamar ta kasa, an karanta mata ne ba daidai ba. Mai koyarwa a Zumunta ya kamata ta faɗi wannan a fili.

Na biyu shi ne ciwon Marta, wadda ta karɓi Yesu baƙunci a gidanta (Luka 10:38-42). Yesu bai tsawata mata don ta yi girki ba, damuwa da ɓacin rai ne suka cinye ta har ta kai ƙarar 'yar'uwarta. Alamominsa a gida sanannu ne: buga kwanuka, habaici a cikin waƙar coci, lissafa wa yara wahalar da ake sha dominsu. Idan kin ji kin kai nan, ba ƙarin addu'a a kan aikin kike buƙata ba tukuna, rage aikin za ki yi. Miya iri ɗaya ta isa yau. Wankin zai iya kaiwa gobe.

Daga nan sai ɗauke kome a kanki da sunan hidima. Yaro ɗan shekara biyar zai iya kwashe kwanuka, ɗan takwas zai iya shara da wanke-wanke, ɗan goma sha biyu zai iya dafa shinkafa ana duba shi, kuma maza da mata duka. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara Maganar Allah a zaune a gida, da a hanya, da kwanciya, da tashi, wato a tsakiyar harkokin yini. Yarinyar da kuke tsince wake tare ta fi sakin jiki ta gaya miki abin da ke damunta fiye da wadda kika zaunar kina yi wa wa'azi.

Sujadar iyali kan mutu ne saboda tsawo da kuskuren lokaci. Kafin abinci yara na jin yunwa, bayan an watse kuma barci ya kwashe su. A yi ta da an gama ci, kafin kowa ya tashi daga tabarma: waƙa ɗaya, aya biyar zuwa goma, tambaya ɗaya, addu'a. Minti 10. Idan maigida ba ya jagoranta, kada ki yi masa gori a gaban yara. Ki same shi ku biyu ki ce, "Baban yara, ko za ka riƙa rufe mana da addu'a?" Ƙaramin abu irin wannan ya fi sauƙin karɓa.

Lahadi ma sai an shirya mata tun Asabar, in ba haka ba uwargida ce za ta shiga majami'a ana tsakiyar wa'azi, a gajiye. A goge kaya, a cika randa, a jajjaga kayan miya a soya su da yamma. Miyar da za ta kwana a tafasa ta sosai da dare, a sake tafasawa da safe, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke lalata abinci cikin 'yan awoyi.

Addu'ar cikin aiki ba ta maye gurbin zama shiru gaba ɗaya. Ko minti 15 ne sau biyu a sati, bayan yara sun tafi makaranta, ki nema. Akwai kuma lokutan da tsarin zai rushe: haihuwa, jinya, shuka da noman farko a damina, girbi da sussuka a kaka. A irin wannan lokacin ki sauke biyu ki riƙe ɗaya, kuma addu'ar kwasar tuwo ce ta fi sauƙin riƙewa tunda kullum sai an ci. Ranar da wata ce ta yi girkin, ki yi ta sa'ad da ake miƙa wa kowa kwanonsa. In abubuwa sun lafa, ki dawo da sharar safe tukuna, bayan sati biyu ki ƙara wanke-wanken dare.