Kalma ɗaya ma'ana barkatai: inda yaranmu ke tuntuɓe a Turanci

Ina ɗan koyar da yara Turanci da yamma, yawanci masu shirin WAEC da NECO, kuma wallahi ba manyan kalmomi ne ke kayar da su ba, ƙananan nan ne da suke ganin ai sun riga sun sani tun firamare. Yaro ya haddace cewa run gudu ne, shikenan ya rufe littafi, ranar da ya ci karo da "my uncle runs a pharmacy" sai ka ga yana zare ido wai ya za a yi kawu ya gudu da kemis, alhali cewa aka yi shi ke tafiyar da shagon. Masu ƙamus ɗin Oxford da suka sake bitar wannan kalmar a 2011 sun ƙirga mata ma'ana 645 a matsayin aikatau kaɗai, shi kuma gogan naka guda ɗaya tal ya riƙe.

Abin dariyar ma Hausarmu haka take. An ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci kasuwa, an ci amana, kuma ba wanda ya taɓa tambaya da miyar me aka ci amanar. Abin da ya biyo bayan ci ɗin shi ke gaya maka me ake nufi, to Turancin ma haka ne sak.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar ma'anar farko. A buɗe ƙamus ko Google Translate a jefa kalma ita kaɗai, abin da ya fara fitowa a kwafe. Ɗan Allah ka dinga saka jimlar gaba ɗaya, in ƙamus ne kuma ka gangara ƙasa ka karanta har lamba ta uku ta huɗu tare da misalansu. Ɗauki miss. "I missed the bus" mota ce ta tafi ta bar ka, "I miss my mother" kewarta kake yi, "he missed the penalty" fenariti ya ɓarar. Maƙwabtan kalmar ne kawai suka canza.

Sai tarkon kalmomin da muka ara, wannan ya fi mugunta don kunne ya saba da su. Caji a wajenmu na waya ne, sai yaro ya ga "she is in charge of the class" ya fara tunanin batir, alhali ita aka damƙa wa ajin. "Free of charge" kyauta ne, "he was charged with theft" tuhumarsa ake da sata, kuma daga nan ne ma muka samo caji ofis ɗin da kakanninmu ke faɗa. Haka bank, in aka haɗa shi da river ba banki ba ne, gaɓar kogi ce. Fine ma da muke amsa gaisuwa da ita, in alƙali ne ya furta to tara ce, shirya aljihu.

Akwai kuma 'yan ƙananan kalmomin da ke maƙale a baya waɗanda ido ke tsallakewa: run out of abu ya ƙare maka, run into kun yi kiciɓis, run for takara ka tsaya. Ka haddace su a dunƙule kamar kalma guda.

In malam ya ce yi jimla biyu da kalma ɗaya don nuna ma'anoni biyu, nan ake rowar magana, a rubuta "I saw a bank" a ajiye biro. To wanne, na kuɗi ko na kogi? Jimlar da ba ta nuna ba maki ba zai fito ba. Ƙara mata nama: "I withdrew money from the bank", sannan "the women washed clothes on the river bank".

Kuskuren zauren jarrabawa kuwa ya fi ba ni takaici, wurin da ake cewa kawo kalmar da za ta maye gurbin wannan yadda aka yi amfani da ita a labarin. Yaro ya gano ma'anar daidai amma ya kawo manage a inda aka rubuta "he ran a shop", ya manta ran abu ne da ya wuce, managed ake so. Ni dai abin da nake sa su yi shi ne su cire tsohuwar kalmar su dasa tasu a jimlar su karanta a zuci, in ta yi musu gargada a baki su canza tun kafin a ce a ajiye biro.