Ko sabon injin niƙa zai gyara gahawar da kake tacewa a gida?

A Damagaram idan aka ce kafe, abin da ke zuwa ran yawancin mutane shi ne na gwangwani ko na 'yar leda, wanda mai shayi ke kaɗawa da madara da safe. Wannan babu ruwansa da niƙa. Maganar nan ta wanda ya samu soyayyar ƙwayar gahawa ce, ko daga Yamai ko Kano aka kawo masa, ko tsarabar Habasha ko Abijan, yana kuma tace ta da takarda a mazurari irin V60 na kamfanin Hario ko na Melitta, yana tsiyaya ruwan zafi da hannunsa. Irin wannan mutum yakan ga gahawarsa yau ɗaci, gobe tsami, har ya fara zargin injin niƙansa. Sau da yawa injin ne. Amma ba kullum ba, kuma akwai yadda za ka gane kafin ka fitar da kuɗinka.

A wannan irin haɗi ruwa ratsa garin yake ya wuce, cikin minti uku ko makamancin haka. Abin da ke iya narkewa a jikin ƙwayar bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta ba, kuma daɗin yana tsakanin kashi 18 zuwa 22. Ƙasa da haka tsami da lami, sama da haka ɗaci da bauri. To idan niƙan ya fito gauraye, wani gari lilis wani tsaki, ruwa ɗaya ne zai bi ta kansu a lokaci ɗaya: garin ya ba da duk abin da ke cikinsa har da ɗacin, tsakin kuwa ko cikinsa ruwa bai kai ba. Duk mai tuƙa tuwo ta san ba a zuba tsaki da gari a tukunya lokaci guda a ce su nuna tare. Ƙari a kan haka, garin mai laushi yana sauka ya toshe takardar, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi wucewa.

Ƙaramin injin lantarki mai wuƙa biyu, irin wanda ake niƙa kayan yaji da shi, ba ya iya kauce wa wannan. Sara yake, ba niƙa ba, kuma ba shi da wurin saitawa. Iyakarka ka ƙara daƙiƙa ko ka rage. Turmi ma haka. Ga gahawar da ake dafawa a buta da citta da kanumfari, dakan turmi ya wadatar, domin garin yana daɗewa a ruwa ya kwanta a ƙasa. Ga tacewa da takarda bai wadatar ba.

Ga gwajin. Niƙa giram 15 yadda ka saba, ka baza a kan farar takarda a wurin haske. Idan ka ga ɓarin ƙwaya manya kwance cikin ƙura, ka samu amsa ta farko. Sannan ka haɗa gahawar kana duba agogon wayarka. Idan ruwa ya wuce minti huɗu da rabi bai gama sauka ba, ka leƙa cikin takardar ka ga laka ta manne a jikinta maimakon gari mai kama da jiƙaƙƙen yashi, ka kurɓa kuma ka ji tsami da ɗaci tare a baki ɗaya, laifin na niƙa ne. Wannan na ƙarshe shi ne babbar alama. Tsami kaɗai ko ɗaci kaɗai saiti ke gyara shi, amma su biyun tare galibi sai an sauya inji.

Akwai kuma inda sabon inji ba zai yi maka komai ba. Idan ka zuba ruwan farko garin bai kumbura ba, bai yi ko ɗan kumfa ba, ƙwayar ta tsufa, ƙamshinta ya riga ya tafi. Idan ƙwayar baƙa ce ƙirin tana ƙyallin mai, ɗacin daga suya yake, musamman irin robusta da ake nomawa a Kodebuwa da Togo, wadda asali ta fi arabika ɗaci. Ruwan rijiya mai zartsi, ko na pompo mai warin magani, shi ma yana kashe ɗanɗano. Gwada ruwan leda ko na gora sau ɗaya ka ji bambancin. Wanda kuma yake sayen niƙaƙƙiya a fakiti, ko wane irin inji mai haƙora ya saya ya koma niƙa da kansa zai ji ci gaba, saboda niƙaƙƙiyar gahawa tana rasa ƙamshi cikin kwanaki kaɗan da buɗe ta.

Abin saye shi ne inji mai haƙora. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai tsini da ke juyawa cikin zobe, dukansu da tsaga-tsaga, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman niƙan. Ƙwaya ba ta faɗowa sai ta kai wannan girman. Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, haƙoran su zama na ƙarfe mai kaifi. Na tangaran irin na masu araha suna murƙushewa fiye da yankawa, suna ƙara ƙura, suna kuma cin lokaci. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci, sandar tsakiya ta zauna daram. Cire gwangwanin ƙasa, ka kama haƙorin da yatsa ka girgiza shi gefe da gefe. Idan yana lilo, tazarar za ta riƙa buɗewa a gefe ɗaya tana matsewa a ɗayan, ka koma gidan jiya.

A garin nan na hannu ya fi dacewa. Ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma da kuɗi ɗaya haƙoransa sun fi na lantarki kyau, tunda ba ka biya kuɗin motar lantarkin da ke juya haƙoran ba. Giram 15 ba ya kai minti ɗaya a mai haƙoran ƙarfe. Timemore C2 ko C3, ko ƙananan Kingrinder da 1Zpresso, duk sun isa wannan aiki. Comandante C40 na Jamus yana da kyau ƙwarai, amma tsadarsa ta ninka sau da dama. A ganinmu babban tsallen shi ne daga mai wuƙa zuwa mai haƙoran ƙarfe, kowa zai ji shi a kofin farko. Daga nan zuwa mai tsada bambancin siriri ne, sai mai sayen arabika marar ƙunar suya yana shanta ba sukari ba madara zai kama shi. Idan da madara da sukari kake sha, riƙe kuɗinka ka sayi ƙwaya mai kyau. Wanda ya nace sai na lantarki, ya duba bayansa: wutarmu 220 ce, na kasuwar Amurka kuwa 120, jona shi kai tsaye ƙone shi ne.

Da ya iso, sai saiti. Matse abin juyawar da ke ƙasa har hannun injin ya daina juyawa da kansa. Nan ne sifiri, kuma kada ka murza a haka, haƙoran za su ci juna. Sai ka kwance kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin da yake yi. A C2 fara daga 18 zuwa 20. A wani injin, zuba ɗan sukarin gari a gefe, ka kwance har niƙan ya kai girmansa ko ya ɗara kaɗan.

Awo shi ne giram 60 a lita ɗaya, wato giram 15 ga ruwa giram 250. Ƙaramin sikelin lamba ya fi, amma idan babu, babban cokali uku a shafe na gari ya kusa giram 15, ruwan kuma rabin leda ce mai santilita 50. Sa takarda a mazurari ka wanke ta da ruwan zafi, ka zubar da ruwan. Idan ruwa ya tafasa sauke shi ka jira daƙiƙa 30 zuwa 45. Ga baƙar suya jira minti biyu, zafi da yawa ƙara mata ɗaci yake. Zuba giram 40 a kan garin, ka tabbata ko'ina ya jiƙe, ka bar shi daƙiƙa 40. Sauran ruwan ka zuba shi kashi biyu, a hankali, kana zagayawa daga tsakiya zuwa gefe ba tare da ka bugi takardar ba. Butar shayi mai siririn baki tana yin wannan aiki da kyau, in dai ka keɓe wadda ba ta taɓa ganin ganyen shayi ko na'ana'a ba. Ya kamata ruwan ya gama sauka tsakanin minti biyu da rabi zuwa uku da rabi.

Idan ya sauka da wuri kuma ka ji tsami, matse ƙas biyu. Idan ya daɗe, ka ji bauri yana busar da harshe, kwance ƙas biyu. Kada ka sauya awo ko zafin ruwa a ranar da ka taɓa saiti, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Sabuwar ƙwaya kuma takan so nata saitin. Ta Habasha marar ƙuna ta fi tauri, tana yawan ba da ƙura, don haka takan so a ɗan kwance mata.

Lokacin hunturu za ka ga garin yana manne wa gwangwani yana tashi sama, saboda bushewar iska. Tsoma bakin cokali a ruwa ka juya ƙwayar da shi kafin niƙa, ɗigo ɗaya ya isa. Ƙwayar da aka auno daga buhu a kasuwa, baza ta a faranti ka tsince, tsakuwa ɗaya tana iya fasa haƙori. A zafin Afrilu da Mayu ƙwaya tana saurin tsufa, saboda haka sayi giram 250 a lokaci ɗaya, ka rufe a kwalba mai matsewa, nesa da rana da murhu, ka niƙa iya na sha ɗaya.

Kada citta ko barkono su shiga injin, warinsu ba ya fita. Duk bayan mako biyu ko uku ka kwance shi ka goge haƙoran da busasshen burushi, ban da ruwa, domin ruwa yana kawo tsatsa a inda sandar ke juyawa. Kafin ka kwance, ɗauki hoton yadda waya mai lanƙwasa da ƙananan zobban suke jere. Idan ɗaya ya koma a juye, sifirinka zai gusa, sai ka sake neman saiti daga farko.