Babi na Shida: Sa Lalle a Gashin Kai a Gida

Ƴan'uwana mata, wannan babi an rubuta shi ne domin masu gashi irin namu, wanda yake a nannaɗe yadda Allah ya halicce shi, ba a miƙar da shi da man kanti ba. Kowace a cikinku ta san lallen hannu da na ƙafa tun tana yarinya, amma na kai aikinsa daban ne, domin fatar hannu sumul take, gashi kuwa yana riƙe duk abin da ya shiga cikinsa. Ki ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane layi ki karanta a hankali, idan kalma ta gagare ki kuma ki tambayi ta kusa da ke, babu abin kunya a ciki.

Darasi na 1: Sayen lalle

A kasuwar Tawa za ki samu lalle iri biyu: dakakke wanda ake aunawa, da kuma wanda yake rufe cikin leda ko kwali. Lalle mai kyau kore ne kamar garin kuka, yana ƙamshin busasshiyar harawa. Wanda ya koɗe ya koma launin ƙasa ya daɗe a ajiye, ƙarfinsa ya ragu.

Idan na leda ne, ki dubi rubutun da ke jikinsa. Za ki ga 100 g. Lambar ɗari ce, ƙaramin harafin da ke gefenta kuma giram yake nufi. Giram 100 ya ishi gajeren gashi, mai sumar da ta sauko kafaɗa kuwa ta sayi leda 2. Kalmar henné ita ce lalle da Faransanci. Idan kin ga an rubuta noir, wato baƙi, ko haruffa uku PPD, ki mayar wa mai kanti kayansa. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi, sai an haɗa masa wani sinadarin rini, kuma wannan sinadari yakan kumbura fatar kai da fuska, ya fito da ƙuraje masu ruwa.

Ki sani tun yanzu cewa lalle ba zai mai da baƙin gashi ja ba. Zai ba shi wani sheƙi ja-ja da ake gani a rana, furfura kuwa za ta koma ruwan goro, kuma launin ba ya fita da sabulu, sai sabon gashi ya tsiro. Kafin ki sa a kai, ki kwaɓa ɗan kaɗan ki shafa a bayan kunne, ki jira kwana 2. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi ko kumburi, ki haƙura da lallen nan. Jarirai da ƙananan yara ba a sa musu, domin akwai yaran da lalle yake lalata musu jini.

Darasi na 2: Tankaɗe

A nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa, saboda haka a nan za mu daɗe.

Ko an daka lalle da kyau a turmi, akwai ƴan tsinkayen reshe da jijiyar ganye da ƙasa a cikinsa. A tafin hannu ba su da wata illa, suna bushewa su zube. A cikin gashinmu kuwa kowane tsinke yana samun lanƙwasar da zai maƙale, gashin ya naɗe shi, idan kika zo tsifa kuma sai silin gashin ya tsinke tare da shi.

Ki samo rariyar tankaɗen gari, da ƙwarya ko roba busasshiya, da tsohon mayafi shara-shara mai tsabta. Ki zuba garin a rariya ki tankaɗe, abin da ya rage a sama ki zubar, kada ki murza shi da hannu don ya wuce. Wannan shi ne na farko. Ki mayar da abin da ya sauka cikin rariya ki sake tankaɗewa. Wannan shi ne na biyu. Sa'an nan ki ɗaure mayafin a bakin ƙwarya, ki riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan kina bubbuga gefen ƙwaryar da yatsa har ya sauka. Wannan shi ne na uku. Sau 3 ke nan: rariya, rariya, mayafi. Ki faɗa da bakinki, ki rubuta a littafinki: rariya, rariya, mayafi.

Yanzu ki ɗebi ɗan garin ki murza tsakanin babban yatsa da manuni. Idan kin ji shi laushi kamar hoda, ya yi. Idan kin ji wani abu yana sukar yatsa ko yana ƙaras-ƙaras, bai yi ba, ki koma kan mayafi. Kada ki karaya idan kika ga garin ya ragu, abin da ya tafi da ma ba mai amfani ba ne. Hannun da ya iya tankaɗen garin gero ya iya wannan.

Na leda ma ana tankaɗe shi. Na maimaita: na leda ma ana tankaɗe shi. Wata ɗaliba ta shigo aji ta ɗaure kai tamau, ta ce, "Malama, lallen nan ba shi da kyau." Da ta cire kallabi na buɗa gashin, sai ga tsinkaye birjik tun daga goshi har ƙeya, gashin ya cukurkuɗe ya yi ƙulli-ƙulli. Na ce, "Hajiya, sau nawa kika tankaɗe?" Ta ce, "Ai mai sayarwa ta ce tankaɗaɗɗe ne." Yini guda ƴarta ta yi tana tsince mata kai, gashin da ya zube kuwa ya cika tafin hannu. Wallahi na gaji da jin wannan amsa. Mace ta zauna awa 3 a gidan mai kitso ba ta ƙosa ba, amma minti 15 na tankaɗe ya gagare ta, daga baya ta zo tana zargin lalle. Duk wadda ba za ta tankaɗe sau 3 ba, ta rufe littafin a nan, sauran darussan ba za su amfane ta ba.

Darasi na 3: Kwaɓi

Kin tankaɗe sau 3? To, ki zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan kina juyawa, ba tafasasshe ba, har ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba ya tsiyaya. Ki matse rabin lemun tsami kawai, domin tsami mai yawa yana busar da gashi, namu kuwa da ma mai saurin bushewa ne. Ki rufe da leda ta kwanta a kan kwaɓin. Lokacin ɗari ki kwaɓa bayan sallar isha'i ya kwana, da bazara kuwa zafi yana gaggauta shi, kwaɓin asuba ya isa sawa da hantsi. Ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki goge bayan minti 5. Idan ya bar tabo ruwan goro, ya nuna.

Darasi na 4: Shafawa

Ki tsefe kitso, ki wanke kai tun jiya, ki raba gashin kashi 8. Ki shafa man kaɗe a goshi da kunnuwa da ƙeya don kada fata ta kama, ki sa leda a hannu. Ki bi kashi ɗaya bayan ɗaya daga tushe zuwa baki, kada ki sa matsefi. Ki rufe kan da leda da tsohon kallabi don kada ya bushe, ki bar shi awa 2 zuwa 4. Wadda ta fara da hantsi za ta wanke kafin azahar.

Darasi na 5: Wankewa

Ki cika baho da ruwa, ki tsoma kan ciki har lallen ya saki da kansa, ki sauya ruwa har ya fito garau. Ruwan yoɗo, wanda wasu ke kira karkashi, yana sa santsi yatsu su wuce. Gashin zai yi tauri, sai ki shafa man kaɗe tun yana da danshi. Launin yana zama sosai bayan kwana 2 ko 3.

Darasi na 6: Maimaitawa

Sau ɗaya a wata ya isa, yawan sawa yakan sassauta nannaɗewar gashi. Sauran garin ki ɗaure a leda ki ajiye inda rana ba ta kaiwa, ranar da za ki sake amfani da shi kuma ki sake tankaɗewa.