Yadda Ake Neman Tallafin PIP a Birtaniya Ba Tare da Asarar Shekarun Fansho Ba

Tallafin masu lalura da ake kira PIP, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho (DWP) ke biya a Ingila da Wales, ba ruwansa da albashinka ko abin da ka ajiye a banki. Ko kana aiki za ka iya nema. Abin da ake dubawa shi ne yadda ciwo ko nakasa ke hana ka hidimar yau da kullum. Mutanen Scotland kuwa nasu daban ne, Adult Disability Payment ake kiransa.

Kafin ka ɗaga waya, duba sharuɗɗan zamanka. Idan bizarka ta hana ka cin kuɗin tallafin gwamnati, to PIP na cikin abubuwan da aka haramta maka, kuma karɓarsa kan iya jawo maka rigima ranar sabunta takardu. Sauran sharuɗɗan ba su da wuya: ka kai shekara 16 amma ba ka kai shekarun fansho ba, lalurar ta yi wata 3 tana damunka, kuma ana sa ran za ta ƙara aƙalla wata 9.

Sai ka kira DWP ka buɗe fayil. Za su aiko maka da fom mai tambayar yadda lalurar ke shafarka, kana da wata ɗaya ka mayar. Idan lokacin ya yi maka kaɗan, kira ka roƙi ƙari tun kafin wa'adin ya cika. Haɗa da takardun likita da jerin magungunanka, kuma ka ajiye kwafin komai.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara. An raine mu da cewa in an tambayi jiki, a ce da sauƙi, alhamdulillahi. Wannan ladabi ne mai kyau a gaisuwa, amma fom ɗin maki ake bayarwa a kansa. Akwai ayyuka 10 na rayuwar yau da kullum, kamar girki, wanka, sa tufafi, shiga bayi da shan magani, da kuma 2 na zirga-zirga. Maki 8 a kowane ɓangare na ba da ƙaramin kaso, maki 12 na ba da babba. Dokar ta ce ba za a ɗauka kana iya abu ba sai in kana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, kana iya maimaitawa, kuma bai ci maka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Saboda haka kada ka rubuta "ina iya wanka" ka yi shiru. Rubuta cewa kana wanka a zaune kan kujera, matarka ce ke cuɗa maka baya, kuma in ka fito sai ka kwanta kafin numfashi ya dawo. Idan ciwon mai zuwa ne yana tafiya, kamar sikila, faɗi kwana nawa a mako yake kayar da kai, domin ana duba abin da ke faruwa a fiye da rabin kwanakin shekara.

Bayan fom sai tantancewa, ta waya ko ta bidiyo ko ido da ido. Kana da damar zuwa da wanda ya san halinka, kuma kana iya neman tafinta tun da wuri. Mai tantancewar yana lura da komai, har yadda ka iso wurin. In ya ce, "Kana zuwa kanti?" kada ka tsaya a "e". Faɗi wanda ke kai ka, da nisan da kake takawa kafin ka tsaya, domin mita 20 da mita 50 iyakoki ne da ake ba da maki a kansu.

Idan aka hana ka, nemi kwafin rahoton mai tantancewa, ka roƙi DWP ta sake duba hukuncin cikin wata ɗaya. In sun tsaya a kan bakansu, akwai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta, ita ma wata ɗaya ne. Ofisoshin Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, na taimakawa kyauta.

Sai batun fansho, wanda da yawa ba sa farga sai an makara. PIP ba ya cike maka shekarun National Insurance, wato gudummawar da ake lissafa fanshon gwamnati da ita. Sabon fanshon gwamnati na bukatar aƙalla shekara 10 kafin a ba ka ko kwabo, cikakkensa kuma yawanci shekara 35. A shekarar 2025 zuwa 2026 cikakken ya kai fam 230.25 a mako. Wanda ciwo ya zaunar, yana karɓar PIP kaɗai, shekarunsa na wucewa a banza. Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) da New Style ESA (tallafin wanda ciwo ya hana aiki) su ne ke rubuta maka shekarun. Mai jinyarka ma tana da haƙƙi: in tana kula da kai awa 35 a mako, ta duba Carer's Allowance, kuɗin tallafin masu jinya, in awa 20 ne, ta nemi Carer's Credit, wanda ba kuɗi ba ne a hannu amma yana kare mata fansho. Uwar da ke gida da yaro ƙasa da shekara 12, a tabbata da sunanta aka yi rajistar Child Benefit, tallafin yara, ba da na maigidan da ke aiki ba.

Shiga shafin GOV.UK ka duba tarihin National Insurance ɗinka. Giɓin shekaru 6 na baya ana iya biyansa da kuɗi, amma tambayi Future Pension Centre, sashen DWP mai amsa tambayoyin fansho, tukuna ko biyan zai ƙara maka wani abu. Mai niyyar komawa Najeriya bayan ritaya kuma ya sani, za a ci gaba da biyansa fanshon a can, sai dai ba zai riƙa samun ƙarin da ake yi duk shekara ba.