Yadda Za Ka Nemi Magani Ba Tare da an Yanka Ciki ba, da Yadda Za Ka Shirya Masa

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, da zarar likita ya ce sai an yi aiki, hankalin dangi yakan tashi, wasu ma su ɗauke majinyacinsu su koma gida. Amma akwai cututtukan da a yau ake magance su ta ƙofar da ba ta wuce girman ƙwayar dawa ba, likita yana kallon cikin jiki a allon na'ura yana tura allura ko siririn bututu zuwa inda cutar take. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Seldinger, shi ne ya fito da dabarar shigar da bututu cikin jijiyar jini ta bin siririyar waya a 1953, sannan a 1964 Charles Dotter na Amurka ya buɗe toshewar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa.

Abu na farko shi ne ka san ko cutarka tana cikin waɗanda wannan hanya ke yi wa amfani. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ƙurjin hanta, wanda ƙwayar cutar atini ke haddasawa. Sau da yawa magani kaɗai yana isa, amma idan ƙurjin ya yi girma ko ya ƙi jin magani, likita yakan ɗora na'urar ekografi, mai nuna hoton cikin jiki a allo, a gefen haƙarƙari na dama, ya sanƙarar da wurin da allura, ya bi da wata allura har tsakiyar ƙurjin ya zuƙe mugunyar. Na tsaya a kan wani ƙanina lokacin da aka yi masa haka: idonsa biyu, yana amsa tambayar likita, mugunya mai launin cakulan tana cika sirinji, kuma abin da ya rage a jikinsa ɗan filasta ne kawai. Haka nan ake saka bututu a ƙoda idan fitsari ya toshe, ko a ɗebo ɗan tsokar ƙari domin gwaji.

Ga mata kuwa, babban lamari shi ne ƙarin mahaifa, wanda a asibitocinmu ake kira fibrom. Tun 1995 likita Ravina da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa ana iya shiga ta jijiyar matsematsi a toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin da wasu ƙananan ƙwayoyi, sai ya yi ta motsewa cikin watanni, zubar jini ta ragu, mahaifa kuma tana nan. Sai dai mace mai neman haihuwa ta faɗi haka tun farko, domin a nata yanayin likitoci da yawa sun fi zaɓar a cire ƙarin ta tiyata.

Idan kana gaban likita, ka tambaye shi kai tsaye cikin ladabi: shin wannan ciwo ana iya yin sa da allura ko bututu, kuma a ina? Aikin da ekografi ke jagoranta ana iya samun sa kusa, amma toshe jijiya yana buƙatar ɗaki na musamman da ƙwararre, don haka yakan kai mutum Yawunde ko Duwala, ko ma wajen ƙasa. Kada ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere kafin ka karɓi takardar turawa, ka tura hotunanka na ekografi ko sikana (babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) ga ƙwararren da za ka je wurinsa, ka kuma ji adadin kuɗin a sefa har da na kayan aiki, waɗanda sau da yawa su ne suka fi tsada. A ganina wannan shi ne wurin da mutanenmu suka fi yin asara, su sayar da bijimi su yi tafiya, a ce musu cutar ba ta dace da wannan hanya ba.

Da an sa rana, za a gwada daskarewar jininka da lafiyar ƙodarka, saboda ruwan da ake zubawa a jijiya don hoto ya fito yana iya wahalar da ƙoda mai rauni. Ka kawo duk magungunan da kake sha a leda ɗaya, musamman asfirin da masu tsinka jini da metformin na ciwon sukari, kuma kada ka ɓoye jiƙo ko sassaƙe. Kada ka daina wani magani da kanka. Mai juna biyu, ko wadda take zato, ta faɗa kafin a kunna na'ura. Yawanci akan hana cin abinci na kimanin awa 6 kafin aikin.

Bayan aiki, idan ta matsematsi aka shiga, za ka kwanta ƙafa a miƙe na awa 4 zuwa 6 domin jijiyar ta rufe, kuma ka guji ɗaukar kaya mai nauyi da hawa babur na wasu kwanaki. Wadda aka toshe wa jijiyar mahaifa za ta ji murɗar mara mai tsanani a daren farko, da ɗan zazzaɓi, don haka akan riƙe ta kwana ɗaya. Wanda ya koma gida da bututu a jiki ya riƙa auna abin da ke fita kullum yana rubutawa, kada ruwan wanka ya taɓa wurin. Idan wurin hujin ya kumbura yana zubar da jini, a danne shi da ƙarfi da tsumma mai tsabta a nufi asibiti nan take, haka ma idan ƙafa ta yi sanyi ko zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, ko da tsakar dare ne.