Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora sabar MCP a npm

Tun da Anthropic ta fitar da ƙa'idar MCP (Model Context Protocol) a Nuwamban 2024, masu rubuta manhaja a nan Kano ma sun shiga haɗa ƙananan sabobin da ke ba ƙirƙirarriyar basira damar karanta fayil ko binciko bayanai. Rubutun kan tafi daidai, a wajen ƙunshewa don ɗorawa a npm, rumbun da ake raba ƙunshin JavaScript, ake tuntuɓe.

Babban ɓarawon shi ne console.log. Sabar da ke aiki ta stdio tana magana da manhajar ƙirƙirarriyar basirar da ta tayar da ita ne ta stdout, hanyar fitar da rubutu da console.log ma ke bi, kuma saƙon JSON-RPC kaɗai ake so ya bi ta nan. Da ka buga "sabar ta tashi" a wannan hanya, ka zuba tsakuwa a shinkafa: manhajar za ta kasa karantawa, wani lokaci ma ta yanke haɗin. Koma wa console.error, shi ta stderr, hanyar saƙon kuskure, yake bi.

Sai ƙunshin da ba kaya a ciki. Yawanci ana sa dist, foldar da lambar da aka gina ke zama, a .gitignore, npm kuwa idan bai ga wani umarni ba, wannan fayil yake bi, sai ya bar lambar da aka gina a gida. Wasu sai su ƙirƙiri .npmignore don gyara, nan kuma an gudu ba a tsira ba, domin da zarar yana nan npm ya daina duba .gitignore, sai .env mai ɗauke da mabuɗin API ya fita duniya. Abin da ya fi shi ne ka rubuta "files": ["dist"] a package.json, ka sa ginin a prepublishOnly, sannan ka buga npm pack --dry-run ka karanta sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya. In mabuɗi ya riga ya fita, soke shi nan take. Janye ƙunshin ba ya maido da sirri, kuma lambar sigar da ka taɓa ɗorawa ba za ta sake karɓuwa ba.

Kada ka manta da bin a package.json, wanda ke nuna fayil ɗin da za a tayar, da layin #!/usr/bin/env node a saman fayil ɗin farko. Duk abin da sabar ke buƙata lokacin aiki kuma a dependencies yake zama, domin ba a sauke wa mai amfani devDependencies.

Akwai wanda ya fi damun mu a nan. Umarnin npx -y yana sauke ƙunshin ne a tashin farko, kuma idan netwok na rarrafe, manhajar kan gaji da jira ta ce sabar ta gaza, alhali lafiyarta ƙalau. Ga datar mutum tana ƙonewa a banza. Rage kayan da ka jingina da su, ka kuma shawarci jama'a su yi npm install -g sau ɗaya lokacin da sabis ke da ƙarfi, da lambar siga a rubuce kamar @1.2.0.

Kafin npm publish, ɗauki fayil ɗin .tgz da npm pack ya samar, ka girka shi a sabuwar folda, ka gwada kowane kayan aiki da MCP Inspector, manhajar gwajin sabobin MCP.