Yadda Ake Atisayen Gudun Dogon Zango a Lokacin Sanyi

Gasar Spine da ake yi a Birtaniya kowane Janairu mil 268 ce, cikin tsaunuka da dusar ƙanƙara. In kana shirin irinta, guji rigar auduga: tana shan gumi, da ka tsaya sai sanyi ya ratsa ka har ƙashi. Sa ta ulu a ciki, mai tare iska a waje. Fita kana ɗan jin ɗari, cikin minti goma jiki zai ɗumama.

In kana gudu, ci abinci mai sitaci kamar giram 60 na sitaci kowace awa, ko ba ka jin yunwa. Cusa gorar ruwa da batirin tocila cikin riga, domin sanyi na daskarar da ruwa, yana kuma zuƙe caji. Wajen atisaye, ƙara nisan gudu sannu a hankali, kowane mako na huɗu ka rage.